Kalmomin riƙo, kariya da tsarewa a harshen Ingilishi

Harshen Ingilishi yana da tarin kalmomi da suka shafi riƙon mutum ko dukiya, ba shi kariya, ko tsare shi. Waɗanda suka fi yawo a bakin alƙalai da lauyoyi su ne *guardian*, *ward*, *warden*, *custody* da *protector*. Ta ƙofa uku suka shigo harshen: tsohon Ingilishi, Faransancin da mutanen Normandi ta arewacin Faransa suka kawo bayan sun ci Ingila da yaƙi a 1066, da kuma Latin. Kusan kowacce tana nufin kula da wani, tana kuma nufin iko a kansa, shi ya sa mai riƙon maraya da mai tsaron fursuna sukan yi tarayya a kalma ɗaya.

Asali

*Ward* da *guard* 'yan uwa ne na jini. *Ward* ta fito daga *weard* ta tsohon Ingilishi, wato mai tsaro. Tushen nan na harsunan Jamusawan dā ya shiga Faransanci ma, sai dai Faransawan tsakiyar ƙasar sun mayar da sautin "w" na farkon kalma ya koma "g", su kuwa na arewa suka bar shi yadda yake. Ingilishi ya ara daga ɓangarorin biyu, ya samu *warden* daga arewa da *guardian* daga tsakiya. Haka aka yi da *warranty* da *guarantee*. Daga *guard* ne Hausa ta samu "gadi" da "mai gadi".

Tushen *weard* ya ɓuya a wasu kalmomin da ba kowa ke lura ba. *Lord* ta samo asali daga *hlafweard*, mai kula da burodin gida. *Steward* tana nufin mai kula da gida, kuma daga wannan muƙami ne gidan sarautar Stuart na Sukotland ya samu sunansa. Sunan Edward ma yana nufin mai tsaron arziki.

*Custody* daga Latin take, daga *custos*, mai gadi, kuma ana jin ta shiga Ingilishi wajen ƙarni na 15.

Riƙon magada a Ingila ta dā

A nan ne kalmar *ward* ta fi nauyi a tarihi. A tsarin mallakar ƙasa na wancan zamani, idan mutumin da ke riƙe da fili a ƙarƙashin sarki bisa sharaɗin aikin soja ya rasu ya bar magaji ƙarami, sarki ne ke karɓar yaron da filin gaba ɗaya. Yaron ya zama *ward*, wanda ke hannun wani. Namiji ba ya fita daga wannan hali sai ya kai shekara 21, mace kuwa 14, a wasu yanayi 16. Duk amfanin da gonakin suka bayar a tsawon shekarun na mai riƙo ne, kuma shi ke da ikon zaɓa wa magajin wanda zai aura. Wannan iko haja ne, ana sayar da shi ga wanda ya fi tayi, sau da yawa mutumin da ke son haɗa magajin aure da ɗansa ko 'yarsa don filin ya dawo gidansa.

Ɓarnar ta kai har yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ta yi magana a kanta: mai riƙo kada ya ɗebi fiye da kima daga filin, kada ya lalata shi, kuma ya mayar da shi da kayan aikinsa idan magaji ya girma. Hakan bai hana sarakuna ci gaba da cin moriyar abin ba. A 1540 Sarki Henry na Takwas ya kafa kotu ta musamman, *Court of Wards*, don tattara wannan kuɗin shiga. Manyan masu filaye sun tsane ta ƙwarai. Majalisar dokoki ta soke ta a 1646 lokacin yaƙin basasa, aka tabbatar da sokewar da doka a 1660. Abin da ya rage shi ne *ward of court*, yaron da babbar kotu ta ɗauki nauyin yanke muhimman shawarwari game da rayuwarsa.

Kalmar ta kuma bazu zuwa ma'anar wurin da ake kula da shi, kamar ɗakin kwantar da majinyata a asibiti da gundumar da kansila ke wakilta.

Protector

Daga Latin *protegere*, rufe abu ta gaba. A siyasar Ingila *Lord Protector* shi ne mai riƙon mulki idan sarki yaro ne, kamar Richard na Gloucester a 1483, wanda bai daɗe ba ya haye gadon da kansa, da Edward Seymour a 1547. Oliver Cromwell ya ɗauki laƙabin daga 1653 zuwa rasuwarsa a 1658, alhali babu wani sarkin da yake riƙe wa. *Protectorate* kuwa ita ce ƙasar da aka ce tana ƙarƙashin kariyar wata, sunan da Turawan Birtaniya suka ba Arewacin Nijeriya a 1900. Masana tarihi da dama suna ganin bambancinta da mulkin mallaka kai tsaye ya fi yawa a takarda.

Custody a shari'ar iyali

A dokar Ingila ta dā, uba ne ke da haƙƙin riƙon 'ya'yan aure kusan ba tare da jayayya ba. Fafutukar marubuciya Caroline Norton ta taimaka aka yi dokar 1839, wadda ta ba uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara 7 ba. Dokar 1925 ta sa maslahar yaro gaba da komai. Dokar Yara ta 1989 ta cire kalmar *custody* daga shari'ar iyali a Ingila da Wales, saboda ana ganin tana mayar da yaro tamkar kayan da ake rigima a kai, amma jama'a ba su daina faɗarta ba. A Amurka tana nan daram, inda ake bambanta *legal custody*, ikon yanke shawara, da *physical custody*, wurin da yaron ke zaune. Masu fassara fiƙihu zuwa Ingilishi sukan sa *custody* a madadin hadana, *guardian* a madadin waliyyi, ko da yake ma'anonin ba su yi daidai ta kowace fuska ba.

Sauran amfani

A bakin 'yan sanda, *in custody* na nufin mutum yana tsare. Dokar 2019 ta Nijeriya ta sauya wa gidajen yari suna zuwa *custodial centres*. *Custodian* na iya zama bankin da ke ajiye takardun hannun jari, a Amurka kuma har mai shara da gyaran makaranta. Da ita ake fassara laƙabin Hadimin Masallatai Biyu Masu Alfarma, wanda Sarki Fahad na Saudiyya ya ɗauka a 1986.

A Sukotland, bisa gadon dokar Rumawa, *tutor* da *curator* sunayen masu riƙon yara ne har zuwa 1991. A yau an fi sanin na farko da malami, na biyu da mai kula da gidan tarihi.