Wai "yau ɗaya ce, gobe zai je"

Assalamu alaikum iyaye, musamman ƴan uwana mata.

Satin nan ma na sake bin gidaje da sunayen yaran da ba sa zuwa makaranta, waɗanda malamar aji uku ta rubuto min daga rajista, kuma wallahi duk gidan da na yi sallama magana ɗaya nake ji kamar kun haɗa baki. "Ai yau ɗaya ce Anti, gobe zai je." Yau ɗaya don ranar kasuwa ce, yau ɗaya don ana suna a maƙwabta, yau ɗaya don ta fita tallan awara, yau ɗaya don ya makara an ce ya bari kawai kar a doke shi a bakin get. Haba jama'a! Wannan yau ɗayan ita ke kashe wa yaranmu lissafi.

Mu ƙirga tare. Zango ɗaya kusan sati 13 ne, zango uku a shekara. Yaron da yake fashin rana ɗaya kacal duk sati ya rasa kwana 39 kenan, kusan sati 8 na karatu, a shekara ɗaya fa. Shi kuma lissafi bulo ne kan bulo. Ranar da malama ta koya musu yadda ake aro a ɗebewa, a ce 52 a cire 17, naki yana kasuwa riƙe da igiyar akuya. Washegari ya dawo an wuce, ajin ya cika maƙil har wasu a ƙasa suke zaune, wa zai koma baya saboda shi? Sai a shiga sau, a shiga rabawa, yana zaune yana kallon allo. Daga nan sai ku fara cewa kansa ba ya ja. Na ji uwa da bakinta tana kiran ƴarta daƙiƙiya, yarinyar da za ka ba ta ɗari biyar ka sayi awarar ɗari uku da hamsin ta miƙo maka canjinka daidai ko tsayawa tunani ba ta yi ba. Wannan ce daƙiƙiya? Kan nan lafiyarsa ƙalau, zaman aji ne bai samu ba.

Na san halin da ake ciki, ni ma a garin nan nake sayen masara. Ban ce kuɗin talla ba sa rufa asiri ba. Amma don Allah Yaya, a bari a tashi daga makaranta tukuna, farantin ba zai gudu ba. Ku kuma iyaye maza, dokar ilimin bai ɗaya ta Najeriya, wato UBE, ta 2004 ta ce karatu daga firamare har aji uku na ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, ba na mata kaɗai ba ne aikin, ku riƙa tambaya da daddare ko yaro ya je.

Sai maganar makara, wadda yawanci waya ce ke kawo ta. Ke da kanki kika miƙa masa wayar bayan isha'i don ya bar ki ki huta, ya shige bargo da ita yana TikTok da gem har sha biyun dare, da asuba a tashe shi ya ƙi, sai kuma a ce yau ɗaya ce. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Kuma a makarantun da nake zagayawa da safe ake yin lissafi, wanda ya shigo ƙarfe tara ya riga ya rasa shi ko da an rubuta ya zo. Wasu kuma da kalkuletar waya suke yin aikin gida, littafi duk daidai, ranar jarrabawa ba ko ɗaya.

A taƙaice dai:

- Waya ta kwana a ɗakin uwa, babu ita bayan isha'i, babu ita lokacin aikin gida.
- Yunifom da littafi a haɗa tun dare.
- Ko ya makara ya tafi, in ta kama ki raka shi.
- Ba sai kin yi boko ba: wake, tsakuwa, murfin kwalba, ki sa shi ya ƙirga, ya raba wa ƙannensa daidai, in kin aike shi ya faɗi canjin kafin ya fita.
- In rashin yunifom ne ko rashin lafiya, a gaya wa hedimasta ko ƴan kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC), kar a ɓoye yaro a gida.

Ranar Litinin in sha Allahu zan sake karɓo rajistar, gidajen bayan masallacin Juma'a zan fara shiga. Don girman Allah kar wadda ta sake ce min yau ɗaya ce.