Shekara biyar ko yunit 150? Fashin baƙin ƙa'idar karatun injiniyan ƙarafa

Da kaka, bayan an gama yankan gero, Kawuna ya aiko a kira ni maƙerarsa. Na same shi yana gyaran bakin lauje, jikansa na jan zugazugi. Ya ajiye masaba a kan uwar maƙera, ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini.

"Malam, karanta mini wannan. An ce mini karatun shekara biyar ne, a kan haka na kai bijimina Maigatari na sayar. Yanzu ƙaninka ya ce sai ya ƙara shekara. Korarsa aka yi yake ɓoye mini, ko malamansu ne suka koma yajin aiki?"

Na duba takardar, na ce, "Kawu, babu ko ɗaya. Ƙa'ida ce ta kama shi." Yaron yana karatun injiniyan ƙarafa da kayan ƙira a wata jami'a, fannin da ke binciken halin ƙarfe da yumɓu da gilashi da roba da siminti: me ke sa wannan ya lanƙwashe, wancan ya tsage. Irin wannan sashe akwai shi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai a Ife da Akure da Owerri. Abin da na bayyana wa Kawu a ranar shi nake son shimfiɗawa a nan, don na lura iyaye da yawa a ƙauyukanmu da kalanda suke lissafin digiri, ita kuwa jami'a da wani mudu daban take awo.

Mai mudun ita ce Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC. Doka mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba ta ikon tsayar da mafi ƙarancin abin da kowace jami'a za ta koyar kafin ta kira takardarta digiri. An daɗe ana aiki da kundin da ake kira BMAS, na 2007. A watan Disamba na 2022, lokacin da Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, tsohon shugaban Jami'ar Bayero, ke riƙe da hukumar, aka ƙaddamar da sabon kundi mai suna CCMAS, aka fara aiki da shi a kan sababbin ɗalibai daga 2023. Babban sauyin da ya kawo shi ne rabon gado: hukuma ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, kowace jami'a ta cike sauran kashi 30 da abin da ya dace da yankinta da ƙwarewar malamanta.

To, mene ne mudun? Sunansa yunit. Kowane kwas yana da nauyinsa. Yunit ɗaya na nufin lakca ta awa ɗaya kowane mako har mako 15, ko kuma awa uku a mako a ɗakin gwaji ko wurin aikin hannu. Kwas mai yunit uku ke nan ya fi mai yunit ɗaya nauyi sau uku, wajen lokaci da kuma wajen maki. Wanda ya shiga injiniyanci ta jarrabawar JAMB sai ya tara aƙalla yunit 150 a zangon karatu goma, zango biyu a shekara. Wanda ya shigo kai tsaye aji biyu, misali da difiloma daga kwalejin fasaha irin ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, nasa 120 ne a zango takwas. Daga cikin 150 ɗin nan, 105 na hukuma ne, 45 na jami'a. Saboda haka "shekara biyar" da aka gaya wa Kawu gaskiya ce, amma ita ce mafi ƙaranci, ga wanda bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ko ya yi amma ya gyara da wuri.

Inda gizo ke saƙar shi ne iyakar da aka sa wa kowane zango: ɗalibi ba zai yi rajistar ƙasa da yunit 15 ba, ba kuma zai haura 24 ba. Mutum zai ga kamar akwai fili mai yawa tsakanin 15 da 24. A zahiri sashe kan riga ya cika zangon da nasa darussan. A ce zangonka an tsara masa yunit 21. Saura uku. In ka faɗi kwas ɗaya mai yunit uku a bara, abin da ɗalibai ke kira kariyoba, zai shiga daram. In biyu ka faɗi, amalanke ya cika, dole ka sauke wani sabon kwas don tsohon ya hau, tunda jami'o'i kan wajabta a fara rajistar abin da aka faɗi. Wanda ka sauke kuwa bai tafi ko'ina ba, yana jiranka baɗi, inda shi ma zai ture wani. Ga shi kwas na zangon farko a zangon farko kawai aka saba koyar da shi, ba a sake buɗe shi sai shekara ta zagayo.

Sai ƙa'idar share fage: akwai kwas ɗin da ba a barinka ka ɗauka sai ka ci wanda ke ƙarƙashinsa. Ɗalibai na ganin wannan mugunta ce. Ni a ganina, a wannan fannin, ita ce ƙa'idar da ta fi kowace hujja. Na nuna wa Kawu da aikinsa. Yakan ɗauki sifirin mota ya gasa har ya yi ja, ya tsoma a ruwa ya yi tauri, sannan ya ɗan sake ɗumama shi don kada bakin gatari ya ɓalle a saran farko. Shi da ido da launin wuta yake ganewa. Ɗansa kuwa ana so ya san dalili: ƙarfen tama ne da ɗan sinadarin kabon a ciki, kuma in zafi ya kai wajen digiri 727 a ma'aunin Salsiyas tsarin ƙwayoyinsa ke fara sauyawa, saurin hucewa kuma shi ke yanke ko zai fito da tauri mai saurin karyewa ko da laushi. Ba mai fahimtar wannan sai ya riga ya sha kimiyyar sinadarai da lissafi na aji ɗaya, da ilimin zafi da makamashi na aji biyu. Kawu ya ce, "Wato ba a ɗora tukunya sai an kafa murhu." Na ce haka ne, kuma murhun ƙanina ne ya karkace: lissafin injiniya na aji biyu ya faɗi, ya hana shi ɗaukar na aji uku a kan lokaci.

Akwai wani rami kuma da ba a cika hango shi ba, wato aikin koyon sana'a a masana'antu, SIWES, wanda asusun horas da ma'aikata na ITF ya faro tun shekarun 1970. Yana da yunit nasa, kuma ba a kammala digiri babu shi. A yawancin jami'o'i ɗan aji huɗu na injiniyanci kan shafe zango na biyu gaba ɗaya, kusan wata shida, a masana'anta. Ɗanmu zai iya samun kansa a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa a Kano, ko a kamfanin siminti. A wannan zangon ba ya aji. Ma'ana duk kwas na zango na biyu da ya faɗi a aji uku, ba zai sake ganinsa ba sai zangon ƙarshe na aji biyar, lokacin da aikin bincike na kammalawa ke wuyansa. In ya sake kuskurewa a nan, ko yunit suka haura 24, shi ke nan sai ƙarin shekara. Abin da ya faru da ƙanina ke nan.

Batun maki shi ma yana da nasa sirrin. A ma'aunin da aka saba, 70 zuwa sama A ne mai daraja 5, B daga 60 mai 4, C daga 50 mai 3, D daga 45 mai 2, E daga 40 mai 1, ƙasa da 40 kuwa F, babu komai. Ana ninka darajar da yunit na kwas, a tara, a raba da jimillar yunit da aka yi rajista. Sakamakon shi ne CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi tun daga farkon karatunsa. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai bi masa daga 3.50, na ƙasa da shi daga 2.40. Abin da kundin CCMAS ya fayyace, ɗalibai da dama kuma ba su sani ba sai ya cije su, shi ne cin kwas a karo na biyu ba ya goge faɗuwar farko. Duka biyun ake lissafawa. Ka faɗi kwas mai yunit uku, baɗi ka dawo ka ci B: maki 12 ke nan a kan yunit shida, wato 2, daidai da wanda ya ci D. Ko A ka ci, 2.5 za ka tashi da shi. Shi ya sa ɗaliban da ke raina darussan gama-gari irin GST 112, na al'ummomi da al'adun Najeriya, suna cewa ai ba na injiniya ba ne, suke ba ni tausayi. Ƙananan kwasa-kwasan nan su ne maki mafi arha a jami'a, kuma wajibi ne, faɗuwa ɗaya a cikinsu tana riƙe digiri kamar yadda lissafi ke riƙewa.

Ƙarin shekarar ma ba rijiya ce marar ƙasa ba. Abin da aka saba shi ne a ba ɗalibi ƙarin rabin wa'adinsa, zango 15 ke nan ga mai karatun shekara biyar. Iyakar makin da ke jawo gargaɗi ko sallama, da adadin halartar aji da ake buƙata kafin a zauna jarrabawa, wanda galibi kashi 75 ne, duk suna rubuce a ɗan littafin ƙa'idojin sashe da ake ba sababbin ɗalibai. Littafin nan ya kamata yaro ya kawo gida hutun farko, a zauna da wani mai boko a ja layi goma a takarda, kowane zango da darussansa da yunit ɗinsa, a yi wa masu share fage alama, a ga inda fili yake. In an yi tuntuɓe, malamin da ke kula da rajistar ajin shi ne farkon wanda za a gani, kafin a rufe rajista. Tun kafin a cike fom ɗin JAMB kuma, a bincika ko NUC da majalisar injiniyoyi ta COREN sun tantance sashen, don rajistar zama injiniya daga baya a kan wannan ta rataya.

Kawu ya saurara har na gama, ya juya takardar baya ya ce in rubuta masa abin da ya rage wa yaron. Na rubuta: kwas biyu, yunit shida, duka a zango na biyu. Ya tambaya ko kuɗin makarantar ma na yunit shida za a karɓa. Na ce wannan kam sai mun buga wa ƙanina waya ya duba a ofishin kuɗi. Ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya ce wa jikansa ya ƙara gawayi.