Gwajin garkuwar jiki kan ƙarancin jini na bitamin B12: tambayoyi da amsoshi

Akwai ƙarancin jinin da cin abinci mai gina jiki ba ya maganinsa, cutar da likitoci ke kira pernicious anaemia da Turanci. Mutum yana cin nama da ƙwai, yana shan maganin ƙarin jini, amma gajiya ta ƙi sakinsa, harshe ya yi ja ya yi sumul, tafin ƙafa yana yi masa kamar ana tsira allurai. Idan likita ya ga haka, yakan sa a ɗebi jini a nemi wasu sojojin garkuwar jiki guda biyu, waɗanda ake kira antibodi.

Me ya haɗa tumbi da ƙarancin jini?

Bitamin B12 ba ya shiga jiki shi kaɗai, sai da ɗan rakiya. A bangon tumbi akwai ƙwayoyin da ake kira farayetal, masu aiki biyu: suna fitar da ruwan tsami mai narka abinci, suna kuma samar da wani furotin mai suna intirinsik fakto. Shi ne ɗan rakiyar. Yakan riƙe B12 har ƙarshen ƙaramin hanji, inda bitamin ɗin ke tsallakawa cikin jini. William Castle, likita a Boston ta Amurka, shi ya nuna akwai wannan abu a tumbi a 1929.

A jikin wasu, garkuwar jiki kan juyo ta faɗa wa waɗannan ƙwayoyi, tana cin su sannu a hankali. In sun ƙare, ɗan rakiya ya ƙare. Ɓargo kuwa yana buƙatar B12 wajen ƙera jajayen ƙwayoyin jini, sai ya koma fitar da manya-manya marasa yawa, masu saurin mutuwa. Jijiyoyi da laka su ma da shi suke rayuwa.

To, me ake nema a cikin jinin?

Antibodi iri biyu. Na farko shi ne mai kai hari ga ƙwayoyin farayetal, musamman famfon da suke tura ruwan tsami da shi. Na biyu shi ne mai kai hari ga ɗan rakiyar kansa, ko ya hana shi kama B12, ko ya hana hanji karɓarsu. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu.

Na farkon ya fito da "akwai". Ke nan ina da cutar?

Ba lallai ba, kuma a nan ne mutane ke tayar da hankalinsu a banza. Gaskiya ne kusan 8 zuwa 9 cikin 10 na masu wannan cuta suna ɗauke da antibodin farayetal. Amma ana samunsa kuma a jinin mutanen da lafiyarsu ƙalau, musamman idan shekaru sun ja, da masu ciwon suga nau'i na 1, da waɗanda garkuwar jikinsu ta taɓa ƙwayar tairod ta maƙogwaro. Gwaji ne mai faɗin koma, yana kamo kifin da ake nema har da wanda ba a nema. Abin da yake cewa kawai shi ne a ƙara bincike.

Na biyun ya fito da "babu". Na tsira ke nan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin kuskure a kanta yana jawo hasarar da ba ta gyaruwa. Antibodin ɗan rakiya idan aka same shi, kusan magana ta ƙare: da wuya a gan shi ga wanda ba shi da cutar. Amma kimanin rabin masu cutar ne kaɗai yake bayyana a jininsu. Sauran rabin za su karɓi takarda mai cewa "babu", alhali tumbinsu ya daina aikinsa. Wanda B12 ɗinsa ya yi ƙasa, ƙafafunsa na mutuwa, yana tangaɗi idan ya shiga duhu, bai kamata a sallame shi saboda wannan takarda ba. Likita nagari yakan haɗa sakamakon biyu da abin da yake gani a jikin mara lafiya, ya fara magani idan alamun jijiya sun bayyana, ko da bincike bai kammala ba. Jini yana dawowa cikin makonni. Jijiyar da ta daɗe da lalacewa kuwa ba koyaushe take dawowa ba.

Akwai abin da ke ɓata sakamakon?

Akwai. Allurar B12 da aka yi dab da ɗibar jini tana iya sa gwajin ɗan rakiya ya nuna "akwai" na ƙarya. Shi ya sa aka fi so a ɗebi jini kafin allurar farko, ko a jira mako 1 zuwa 2 bayanta. A gaya wa likita gaskiyar duk abin da aka sha ko aka yi allurarsa.

Me ya sa cutar ke daɗewa ba a gano ta ba?

Hanta rumbu ce. Baligi na buƙatar kusan maikirogiram 2.4 na B12 a rana, hanta kuwa tana ajiye abin da zai kai shekara 3 zuwa 5. Tumbi zai iya lalacewa tuntuni mutum yana cin tsohuwar ajiya bai sani ba. Akwai ma wani abu da ake yawan mantawa: ruwan tsamin tumbi yana taimakawa wajen tsotse sinadarin ayon, wato ƙarfen jini, daga abinci. Don haka ga mata masu jinin al'ada, alamar farko takan zama ƙarancin ayon da ya ƙi jin magani, shekaru kafin B12 ya faɗi.

Waɗanne gwaje-gwaje ake haɗawa da shi?

Ƙidayar ƙwayoyin jini, inda ake duba girmansu. Lambar MCV, wato ma'aunin girman jajayen ƙwayoyin, idan ta haura 100 tana nuna sun yi girma. Sai awon B12 ɗin kansa, kuma idan ya tsaya a tsaka-tsaki akan auna sinadaran jini masu suna MMA ko homosistin, waɗanda ke hawa idan jiki ya rasa bitamin ɗin. Sinadarin gastirin, mai sa tumbi fitar da ruwan tsami, ma yakan hau. Tabbaci na ƙarshe shi ne a zura kyamara ta baki a gutsuro ɗan naman bangon tumbi a duba. Wannan na da wani amfanin: masu cutar sun fi sauran mutane haɗarin samun ƙari da sankarar tumbi.

Likita zai kuma tambayi wasu dalilan: maganin suga na metformin, magungunan rage ruwan tsami irin su omeprazole idan an daɗe ana sha, aikin tiyata a tumbi ko hanji, da rashin cin duk abin da ya fito daga dabba.

Ba zan iya shan maganin ƙarin jini kawai in huta ba?

Kada a yi haka kafin gwaji. Yawancinsu na ɗauke da folik asid, wanda zai iya gyara ƙwayoyin jini takarda ta yi kyau, alhali laka na ci gaba da lalacewa a ɓoye.

Ana warkewa?

Tumbin ba ya komawa yadda yake, amma cutar tana jin magani sosai. Da can kisa take yi; Thomas Addison ya bayyana ta a Landan a 1849, aka shafe shekara fiye da 70 ba magani. A 1926 George Minot da William Murphy suka nuna cewa ciyar da marasa lafiya hanta mai yawa kullum yana ceto su, abin da ya ba su kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. A 1948 aka ware B12 ɗin kansa.

Yau allura ce ta miligiram 1, a jere da farko har rumbu ya cika, sannan duk wata 1 zuwa 3, gwargwadon nau'in allurar, har iya rayuwa. Wasu akan ba su ƙwaya mai ƙarfi sosai, domin kusan kashi 1 cikin 100 na ratsa hanji ko babu ɗan rakiya. Da an fara magani ba a maimaita gwajin antibodi don auna sauƙi, ƙidayar jini da yadda jiki ke ji su ake bi. Wanda ya ji daɗi ya daina allura, rumbun zai sake ƙarewa a hankali, alamun su dawo.