Fatar cikin jijiyar jini: ya ake gane lafiyarta ƙalau?

Wai wace fata ce kuma a cikin jijiya?

Kowace jijiyar jini a jikinka akwai wata 'yar siririyar shimfiɗa ta ciki, likitoci na ce mata endotiliyom, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tal. Da can an ɗauka kamar leda ce kawai, sai a 1980 wani masanin kimiyya, Robert Furchgott, a Amurka ya lura in aka kankare ta daga jijiyar zomo, ko an zuba maganin da ke sa jijiya ta saki ba ta saki. Ashe ita ke fitar da wani sinadari mai buɗe jijiya, naitirik okisaid, kan wannan ne shi da wasu masana biyu, Ignarro da Murad, suka samu kyautar Nobel a 1998.

Toh ya ake auna ta tunda ba a ganinta?

Gwajin da aka fi yi sunansa FMD, wato auna yadda jijiya ke buɗewa in jini ya kwararo, David Celermajer da abokan aikinsa a Landan suka fito da shi a 1992. Za ka kwanta, a ɗora maka na'urar sikanin a damtse a auna faɗin jijiyar, sai a ɗaura abin awon hawan jini ƙasa da gwiwar hannu a hura shi ya matse har minti 5, hannun zai mutu ka ji kamar kiyashi na yawo a yatsunka, ana sakewa jini ya kwararo da ƙarfi. Lafiyayyiyar jijiya za ta buɗe cikin minti ɗaya, wajen kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Wadda ta fara lalacewa da ƙyar take motsi.

Akwai shiri kafin a yi?

Akwai. Ba ci na aƙalla awa 6, ba sigari, ba kofi ko shayi, goro ma a haƙura da shi.

Me ya haɗa damtse da zuciya?

Abin da ke ɓata jijiyar hannu shi ke ɓata ta zuciya: hawan jini, ciwon suga, yawan kitse a jini, taba. Kuma abin da ya fi damuna, ɓarnar tana farawa shekaru kafin mutum ya ji komai, yana ta harkokinsa sai kwatsam a ce ɓarin jiki ya shanye. Auna ta zuciyar kai tsaye sai an zura bututu, shi ya sa damtse ya fi sauƙi.

Kenan in je asibiti in ce a yi min?

Gaskiya har yanzu gwajin na masu bincike ne, yana son ƙwararren hannu, na'urar ta ɗan goce kaɗan sakamako ya canza. Dan Allah ka fara da auna hawan jini da suga, ka ajiye taba da shisha, ka riƙa tafiya a ƙasa kullum, fatar nan tana farfaɗowa in an daina cutar da ita.