Manoma, ga yadda za ku kalli bidiyo data ba ta ƙone ba

Makon jiya a wata fadama kusa da dam ɗin Sabke, wani dattijo ya miƙo mini wayarsa ransa a ɓace. Ɗansa ya sa masa data da safe don ya kalli yadda ake maganin tsutsar masara, kafin azahar ta ƙare. Na duba, ashe a 1080p yake kallo, wato babban ingancin hoto mai cin data, Facebook kuma na ta kunna masa bidiyo iri-iri ba tare da ya taɓa ba. Na ce, Baba, ba su cuce ka ba, saiti ne.

A YouTube, taɓa fuskar bidiyon, ka danna alamar nan mai kama da giyar keke, ka rage ingancin hoton zuwa 360p ko 240p. In bayani kawai ake yi, 144p ma ya wadatar, tunda kunne ne ke aiki. Amma inda ake nuna kwaro ko cutar ganye, ɗaga shi na ɗan lokaci. Tsutsar masarar nan da ta shigo Najeriya a 2016 ana gane ta ne da zane a kanta mai kamar harafin Y a kife, da ɗigo huɗu a kusa da wutsiya. A 144p dishi-dishi za ka gani, sai ka kashe kuɗi a kan maganin da ba nata ba.

Mai bayanin na sauri? A wannan saitin dai akwai wurin rage gudu zuwa 0.75. Taɓa gefen hagu sau biyu, zai koma baya da daƙiƙa 10.

Sabis a gona sai a hankali, don haka sauke bidiyon tun kana cikin garin Daura, in mai shi ya bar damar saukewa. Wanda ya zo ta WhatsApp kuma, mutum ɗaya ya sauke, sauran 'yan ƙungiya su karɓa ta Xender, ba ko sisi. A kashe kunna-kai na Facebook, wato saitin da ke kunna bidiyo ba a taɓa ba, tun da dai data ta ƙara tsada a farkon 2025.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada a auna maganin feshi da abin da wani manomin Indiya ya faɗa a bidiyo, ƙarfin maganinsa ba lallai ya zama irin naka ba. Karanta jikin kwalbar, ko ka kawo mini ita ranar kasuwa mu duba tare.