Waiwaye: Barth Nnaji da shekara 20 ana jiran wutar Aba

A 2004 shugaban Bankin Duniya na lokacin, James Wolfensohn, da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala suka ziyarci Aba, garin masu ɗinkin takalma da jakunkuna a jihar Abiya. Kukan masu sana'a bai wuce ɗaya ba, wato rashin wuta. Wanda aka nema ya share musu hawaye shi ne Farfesa Barth Nnaji.

Ɗan jihar Inugu ne, an haife shi a 1956. Ya yi karatu a Amurka, ya koyar da aikin injiniya a jami'o'in Massachusetts da Pittsburgh, ya kuma riƙe ma'aikatar kimiyya da fasaha na ɗan lokaci a 1993. A 2000 ya kafa kamfanin Geometric Power, wanda ya gina tashar gaggawa mai megawat 22 a Abuja. Saboda haka a 2005 gwamnatin tarayya ta amince a keɓe wa kamfanin yankin Aba, ya samar da wuta da iskar gas, ya raba ta da kansa.

Ana cikin wannan aiki Shugaba Goodluck Jonathan ya naɗa shi mai ba shi shawara kan lantarki a 2010, sannan ministan lantarki a 2011. A nan aka samu cikas. Lokacin ne ake shirin cefanar da kamfanonin da aka fitar daga PHCN, wato kamfanin lantarki na gwamnatin tarayya, sai ga kamfanoni masu alaƙa da shi cikin masu neman sayen tashar samar da wuta ta Afam da kamfanin rarraba wuta na Inugu. Ya ce ya damƙa hannun jarinsa amana ga wasu, ba ya sa baki a harkar. Ƙungiyar ma'aikatan lantarki, wadda dama ba sa ga maciji da shi kan batun cefanarwar, ba ta gamsu ba. A watan Agustan 2012 ya ajiye muƙamin.

A ganina murabus ɗin daidai ne, domin mai sayarwa bai kamata ya kasance yana da ƙafa a cikin masu saye ba, ko da zuciyarsa fara ce. Abin da ke min ciwo shi ne abin da ya biyo baya. A 2013 aka sayar da kamfanin Inugu ga Interstate Electrics, har da yankin Aba da gwamnati da kanta ta yi alkawarin keɓewa. Injuna sun iso, an kashe maƙudan kuɗin bashi, amma aikin ya tsaya cik, aka shiga shari'a da sasanci na shekaru, masu ɗinki a kasuwar Ariaria ta Aba kuwa suna ta ƙona kuɗi a janareta. Duk wanda ya ga yadda masana'antun Sharaɗa da Bompai suka yi ta rufewa a Kano ya san irin wannan asara.

Sai da aka sasanta, bankin Afreximbank ya shigo da kuɗi, sannan aikin ya farfaɗo. Ranar 26 ga Fabrairun 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da tashar mai megawat 141, wadda aka tsara ta ba ƙananan hukumomi 9 cikin 17 na jihar Abiya wuta.