Alamun gaggawa a saƙon tes na wayar salula

Alamun gaggawa a saƙon tes su ne dabarun da mai aika saƙo, ko wayar kanta, ko kamfanin sadarwa ke amfani da su don mai karɓa ya gane cewa abin da aka aiko masa ba na jira ba ne. A Hausa ana kiran tes da saƙon kar-ta-kwana, sai dai a tsarin GSM, wanda layukan salular Najeriya suka ginu a kansa, ba a ware wa mai aikawa wani maɓalli da zai bambanta sanarwar rasuwa da tallar kamfani ba: da ƙara iri ɗaya suke shigowa. Kusan duk dabarun da ake da su an ƙirƙiro su ne don cike wannan giɓi.

Tarihi

Tun kafin salula, masu aikin sadarwa sun san cewa saƙonni suna da daraja hawa-hawa. A zamanin tangarahu, wanda daga wayarsa ta ƙarfe Hausa ta sami kalmomin “waya” da “gidan waya”, ana biyan kuɗi ne bisa yawan kalmomi, saboda haka ba a cika buga waya ba sai dalili ya yi ƙarfi, kuma isowarta kaɗai kan sa gaban mutanen gida ya faɗi. A teku an amince da alamar SOS a taron Balin na 1906, rundunonin soja da dama kuma suna raba saƙonninsu hawa huɗu, daga na yau da kullum zuwa wanda ake dakatar da komai dominsa.

An tsara tes a Turai cikin shekarun 1980, inda injiniyan Jamus Friedhelm Hillebrand yake cikin waɗanda suka tsayar da iyakar haruffa 160. Neil Papworth ne ya aika saƙon farko a Ingila ranar 3 ga Disamba, 1992, gaisuwar Kirsimeti ce daga kwamfuta zuwa wata waya a layin Vodafone. Tsarin CDMA, kishiyar GSM, ya tanadi matakai huɗu ga tes, na ƙarshensu shi ne na neman agaji, MMS kuma, wato saƙon da ke ɗaukar hoto ko sauti, yana da uku. Amma kamfanonin CDMA irin su Starcomms da Visafone ba su ɗore a Najeriya ba, MMS ma bai taɓa samun karɓuwa sosai ba.

GSM ya fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, lokacin da kira ke da tsada kuma ake cajin sa da minti, har zuwa 2003 da Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa. A waɗannan shekaru ne filashin ya kafu, wato a kira a katse kafin a ɗauka. Filashin ɗaya na iya zama gaisuwa ko “na iso”, amma uku ko huɗu a jere, musamman da tsakar dare, kowa ya san ba lafiya ba. Ɗan uwansa shi ne saƙon “don Allah kira ni” na kyauta, wanda Vodacom ya fito da shi a Afirka ta Kudu wajen 2001. An daɗe ana shari’a a kan wanda ya kawo dabarar, kuma a 2016 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ba tsohon ma’aikacin kamfanin, Nkosana Makate, gaskiya. Daga baya BlackBerry ya zo da PING, mai girgiza wayar abokin hira, wanda matasa suka yi yayinsa kafin a rufe BBM, manhajar hirarsa, ga jama’a a 2019.

Dabarun na’ura

Akwai nau’in tes da ake kira aji na sifili, wanda ke bayyana kai tsaye a fuskar waya ba tare da ya shiga akwatin saƙo ba, kuma a wayoyi da yawa yakan ɓace da zarar an rufe shi. Kamfanonin sadarwa ne suka fi amfani da shi.

Sababbin wayoyi sun juya lamarin, sun miƙa hukunci ga mai karɓa. Apple ya shigo da yanayin “kada a dame ni” a 2012, tare da ƙa’idar cewa idan lamba ɗaya ta sake kira cikin minti uku wayar za ta yi ƙara. A Android tazarar minti goma sha biyar ce. Mutum na iya zaɓar wasu lambobi, kamar ta mahaifiya ko ta maigida, waɗanda saƙonsu zai shigo da ƙara ko da wayar tana shiru, ko ya ba kowace lamba sautinta. A Microsoft Teams saƙon gaggawa yana maimaita ƙara kowane minti biyu har minti ashirin, Telegram kuwa a 2019 ya bi ta ɗaya gefen, ya ba mai aikawa damar tura saƙo marar sauti.

Gargaɗin hukuma yana bin wata hanya dabam, inda turken sadarwa ke watsa saƙo ɗaya ga duk wayoyin da ke yankinsa a lokaci guda, da ƙara ta musamman. Japan na amfani da shi wajen girgizar ƙasa, Amurka ta fara nata a 2012. Ranar 13 ga Janairu, 2018, an aika wa mutanen Hawaii gargaɗin harin makami mai linzami bisa kuskure, sai bayan minti 38 gyara ya fito.

Yadda ake yi a Kaduna

A tsakanin Hausawan Kaduna alamar da ta fi ƙarfi ba ta cikin na’ura, tana cikin lafazin saƙon. An saba buɗe saƙo da sallama da tambayar iyali, don haka idan ƙane ya rubuta wa yayansa “Yaya, duk abin da kake yi ka bari ka zo asibiti” babu ko gaisuwa, rashin gaisuwar ma ya isar da rabin labarin. Saƙon da ya fara da “Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un” ba ya bukatar wata alama, tun da galibi ana jana’iza a ranar da aka rasu, kuma wanda yake Kawo ko Rigasa, aka ce za a yi sallah a Tudun Wada bayan la’asar, lokacin da ke hannunsa ƙididdigagge ne. Shi ya sa ake sa lokaci da wuri a layin farko. Wasu kuma kan sassauta da gangan, su rubuta “jikin Baba ya tsananta” alhali an riga an cika, don kada matafiyi ya ruɗe a hanya.

’Yan kasuwa sun fi haɗa tes da kira: a tura lambar asusu ko farashin kaya, sannan a yi filashin don a duba. Akwai kuma wani cikas da ya shafi Hausa kai tsaye. Haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin jerin haruffan GSM, saboda haka guda ɗaya tak yakan rage tsawon saƙo daga 160 zuwa 70, dogon bayani ya rabu gida biyu ko uku, kowane da kuɗinsa.

Matsaloli

Alamar da kowa zai iya sawa kyauta ba ta daɗewa da daraja. ’Yan damfara sun fi kowa amfani da lafazin gaggawa, da saƙonni irin na “za a rufe asusunka yau”, tallace-tallace kuma suka yi yawa har hukumar sadarwa ta NCC ta fito da lambar 2442 a 2016 don toshe su. Haka nan tes ba ya tabbatar da lokacin isa, domin idan waya tana kashe saƙon yakan zauna a cibiyar kamfani har sai an kunna ta. A ƙarshen Satumban 2021, da aka katse sabis a wasu sassan jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, mazauna wuraren sun koma aika mutum ko takarda ta hannun direbobi, har zuwa Nuwamba da aka maido da layukan.